Ranar da Na Yi wa Sojoji Jere

Jikana Abdulmohsen ya haura talatin. Yana da gemu, yana da mota, yana aiki a ofishin wani babban sito a unguwar Khumra, nan Jidda. Amma in kun leƙa ɗakinsa, sojoji za ku tarar, na roba, kowanne bai fi ɗan yatsana tsawo ba.

Wasa ne da ake yi a kan tebur. Sunansa na Turanci ne, bakina ya ƙi shi, ni dai yaƙin tebur nake ce masa. A kwali ake sayo sojojin, a haɗa su da gam, a yi musu fenti da wani ɗan burushi mai silin gashi kamar gira. Daga nan sai ƙarti su kewaye tebur da tef irin na tela da 'yan ƙwayoyin lido masu ɗigo-ɗigo, wannan ya jefa ya ce ya kashe wa wancan mutane, wancan ya rantse bai kashe ba.

Ni ce Inno. Ni na riƙe yaron tun rasuwar uwarsa, muna zaune a wani tsohon bene a Bagdadiyya. Duk Juma'a bayan la'asar abokansa suke cika mini majlis, wato falo, suna fenti. Ina kai musu shayi, in na fito ba na nisa da ƙofa. Ba laɓe nake ba, ƙafata ce ba ta son tafiya.

Shugaban masu ƙorafi a cikinsu shi ne Saif, ɗan ƙawata marigayiya, mai aiki a kantin magani. Shi ma haihuwar Jidda ne, Hausarsa rabi da rabi. Ban taɓa ganin mutum mai son abu yana kushe shi kamar Saif ba.

"Ya jama'a, ku dubi kwalin nan," in ji shi ran nan, yana ɗaga wani sabo. "Hoto: wuta, hayaƙi, doki ya tashi sama. Buɗe ka gani. Roba ruwan toka, ko kai ba a maƙala musu ba. Ko a ƙasa da ƙananan rubutu ba su ce kai za ka yi fentin ba. Mutum ya saya wa ɗansa, ya je gida, ya dawo yana tsine mana."

"To me ya sa ka saya?" na ce daga bakin ƙofa.

"Sitti, ai dole ne. Sabo ne." Haka yake kirana, wato kaka da Larabci.

Amma masu yin kwalin suna can ƙasarsu, zagi ba ya kai musu. Wanda yake kusa shi ne Meshari, wani saurayi Basa'ude mai shagon kayan wasa a layin bayanmu. Shi yake shigo da sojojin, a ɗakin bayan shagonsa ake buga yaƙin. Gaban shagon akwai fatrina, tagar gilashin nan da ake baje kaya don masu wucewa. A kan fatrinar nan yaran suka fi wata guda suna tafasa.

"Ya sa maharba a gaba, masu garkuwa a baya!" Saif ya buga cinya. "Igwa tana kallon ƙeyar mutanenta. Kuma a kansu ya tsayar da 'yar tsana mai jan baki, ƙatuwa, kamar ita ce kwamandarsu. Gefe ga bindigar ruwa. Sannan bidiyon talla, kun gani? Yaro ko haƙora bai gama ba yana gwara sojoji biyu yana tau, tau. Ya rubuta a sama: kayan wasan yara. Mu ne yaran, ya'ni?"

Kowa ya sa baki, ban da jikana. Ya sunkuyar da kai yana ta wanke burushin da ya riga ya wanku. Na san dalili. Sojojin cikin fatrinar nasa ne, shuɗaye masu hular tagulla. Meshari ya roƙe shi aro, har ya ajiye kati a gabansu da cikakken sunansa da na ubansa. Ranar da aka sa katin sai da jikana ya kai ni na gani, bakinsa har kunne. Lokacin ba a kawo 'yar tsanar ba.

Kuma ga maganar Afnan. Yarinya ce malamar makaranta, 'yar Alhaji Hashim wanda ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa. An je an ga juna, yarinya ta ce tana so, jikana kuwa har abinci ya rage ci. Saura uban. A nan Jidda uba ba ya cewa e sai ya yi tambaya: ya je masallacin unguwarku, ya je wurin aikinka, ya tsaya da maƙwabta. Alhaji Hashim ya ce a ba shi lokaci, kuma lokacin ya fara tsawo.

Yayarsa Maimuna ƙawata ce. Kullum da hantsi muke waya mu duba lafiyar unguwa gida-gida. Washegarin Juma'ar nan, Asabar ke nan, ta kira ni tun ban karya ba.

"Inno, an tura wa Hashim bidiyon."

"Wane bidiyo?"

"Na shagon nan mana. Da sunan jikanki ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin 'yar tsana. Jiya ya ce shi bai ga abin da zai sa ya ba da 'yarsa ga mai wasan 'yar tsana ba. Afnan ta shige ɗaki ta rufe."

"Wa ya tura?"

"Ina kan bincike. Amma ki ji, ya ce yau bayan la'asar zai je shagon ya gani da idonsa, daga nan zai yanke."

Abdulmohsen ya riga ya tafi Khumra. Na ɗauki waya zan kira shi, na ajiye. In na faɗa masa me zai yi? Zai tsaya yana wanke burushi. Na zauna na yi tunani. Duk kukan yaran nan a kan abu ɗaya ne, ba a jera kaya daidai ba. To in maganar jere ce, wa za a kira in ba ni ba? Daga Balad, tsohon gari, har Khumra, amaren Hausawa da na yi wa jeren ɗaki ba su ƙirguwa. Samira da tasa da kofuna, babba a tsakiya, ƙanana su gangaro gefe da gefe, launi ya amsa launi, mace ta shigo ta kama baki. Har yau in an yi biki ana cewa jeren bai kai na Inno ba.

Na zuba a jaka farin ƙyalle mai leshi, da farantan azurfa, da kofunan gahawa, da kaskon turare. Na ƙara da sabulu da tsohon burushin haƙori, don ba a jere da kaya mai datti. Na zura abaya na fita.

Meshari yaron kirki ne, kuma yana tsoron tsofaffin mata, abin da na daɗe da lura da shi.

"Ahlan ya khala. Abdulmohsen ba ya nan."

"Ba shi na zo nema ba. Buɗe mini gilashin nan."

"Ya khala, fatrina ce, ni da kaina na..."

"Na gani, ya waladi. Shi ya sa na zo. Yalla, ɗauke mini wannan mai jan bakin."

Ya ɗauke 'yar tsanar. Ya ɗauke bindigar ruwa. Da na nuna takardar da aka rubuta wasan yara, ya ɗan yi gardama, wai ita take jawo iyaye. Na tambaye shi ko uwarsa ta san yana musu da sa'ar kakarsa. Ya cire.

Na kwaso sojojin na zuba a faranti, sai na ga abin kunya. Ƙafafunsu duk taɓo. Gindin rigunansu ƙura ta dafe, takubba sun yi tsatsa, a ƙarƙashin wasu har ciyawa ta fito, busasshiya. Na ce wa Meshari, "Haka ka bar kayan mutane?" Ya buɗe baki zai yi magana, wata mata ta shigo da yara suna son keke, ya tafi wurinsu. Na ja kujera, na sa aka kawo mini ruwa a kofi, na hau aiki. Taɓon ya yi taurin kai, amma da burushi da farce yana fita. Ciyawar kuwa tsigewa kawai nake. Na wanke kusan rabi kafin bayana ya ce ya isa, sauran na yi niyyar ɓoye su a layin baya.

Sai matsalar launi. Jere ba ya yiwuwa da shuɗi kaɗai. Na leƙa ɗakin baya, na ga wata durowar gilashi cike da jajaye, masu ƙaho da haƙora, munana amma jansu mai kyau. Na kwaso.

Na shimfiɗa leshi. Na kifa kofunan gahawa a kan farantai, na yi hawa-hawa. Babban mai tuta na ɗora shi can ƙoli. Daga shi sai ja, shuɗi, ja, shuɗi, dogo a ciki, gajere a baki. Dawakai na haɗa su biyu-biyu suna kallon juna. Igwa biyu na sa ɗaya dama ɗaya hagu, kuma da na ga bakinsu a buɗe ba komai, na tsinko furen roba a shagon na soka musu. Na kunna turare. Wallahi ko amaryar gidan attajiri aka yi wa wannan sai ta gode.

Meshari ya tsaya a waje yana kallo ta gilashi. Ya ce, "Wallahi ya khala, ya yi kyau." Ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin 'yan wasan.

Ko shayin da ya kawo mini ban shanye ba Saif ya faɗo shagon da farar rigar aikinsa. Bai ko gan ni ba.

"Meshari! Ish hada? Wa ya taɓa runduna ta? Ka haɗa ja da shuɗi kafaɗa da kafaɗa? Waɗannan tun farkon labarin wasan suke yanka juna!"

"Sai su shirya mana," na ce. "Gaba har yaushe?"

Ya juyo ya gan ni zaune da kofi. Muryarsa ta sauka, amma jijiyar wuyansa ba ta sauka ba.

"Sitti... ke ce?"

"Ni ce. Ba kai ka ce an sa maharba a gaba ba? Ga su nan na raba su ko'ina, kowa ya samu."

"Sitti, fure. A bakin igwa."

"Da ƙeyar mutanenta take kallo, yanzu titi take kallo. Me kuma kake so?"

Wasu biyu suka ƙaraso, aka tsaya a bakin shago ana ta Larabci da hannu da ƙafa. Ɗaya ya ce ko ba komai an cire 'yar tsana. Saif ya ce gara 'yar tsana, ita aƙalla ba ta sa maƙiya sun yi layin biki ba. Duk Meshari suke yi wa faɗa, ni ba mai iya kallona. Aka kira la'asar suka tafi masallaci suna yi, suka dawo suna yi. Ni na yi tawa a ɗakin baya.

Tare da su Abdulmohsen ya dawo, ya baro Khumra saboda hoton. Ya buɗe gilashin a hankali, ya ɗauko ɗaya daga layin gaba, ya juya shi, ya duba ƙafarsa. Ya ɗauko wani. Ya ɗauko na uku.

"Inno," ya ce, "ina taɓon?"

"Na wanke."

"Da ciyawar?"

"Na tsige. Kai ko kunya ba ka ji? Alhaji Hashim zai zo ganin kayanka yau, ya tarar da su duƙun-duƙun kamar an tono su a kwata?"

"Ammi Hashim zai zo nan?"

"Ya ma zo," in ji wata murya daga ƙofa.

Alhaji Hashim ne, dogo, da farar taguwa da hula da sanda. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye. Ya gaishe ni yadda ya kamata, Hajiya ina wuni, ya ƙafa, ya zafi. Sannan ya juya ga jikana, wanda fuskarsa ta koma kamar an zare jini.

"Naka ne waɗannan?"

Na ga yaron ya kalli katin sunansa, ya kalli ƙofa. A raina na ce yanzu zai ce na aboki ne, ko ya ce tun yana yaro ya bari.

"Nawa ne, ammi. Shuɗayen. Ni na yi musu fenti."

"An ce mini wasan yara ne."

Kafin ya amsa Saif ya yi tsalle ya shiga. Bawan Allah ya daɗe yana neman babban mutum da zai kai wa ƙara.

"Ammi, Allah ya ƙara maka lafiya, abin da muke faɗa ke nan! Littafin dokokin wasan nan ya fi na koyon tuƙi kauri. A cikinmu akwai injiniya, akwai likitan haƙori. Amma mai shago ya sa yaro yana tau, tau. Masu kwali su kuma su zana wuta da hayaƙi, ka buɗe..."

"Wane ne wannan?" Alhaji ya tambaye ni.

"Ɗan marigayiya Jamilatu ne. Haka uwarsa take."

"Allah ya jiƙanta. Yaro, ɗan numfasa." Ya koma kan Abdulmohsen. "Kai kuma, na ji kana tambayar taɓo kamar an sace maka zinariya. Taɓon me?"

Jikana ya juya sojan da ke hannunsa. In ya rikice Hausarsa guduwa take, sai ya riƙa ciko da Larabci.

"Ammi, ba datti ba ne. Ni na sa. Ya'ni, waɗannan a labarin sun yi tafiya mai nisa, cikin ruwan sama, ba su huta ba. Soja da ya yi wannan tafiya takalminsa ba zai yi ƙyalli ba. Sai na ɗebo yashi a bakin teku, na tankaɗe, na kwaɓa da fenti da gam, na ɗora ɗaya bayan ɗaya. Tsatsar ma fenti ce. Ciyawar da hantsaki ake dasa ta."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun kafin azumin bara."

Ni dai na gyara zama na kalli silin. Wa zai ce mutum da hankalinsa zai zauna ya ƙera datti?

Alhaji Hashim ya ciro tabarau. Ya miƙa hannu aka ba shi wanda na wanke, ya sa aka zaro masa wani daga layin baya wanda ban kai gare shi ba. Ya kai su bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Mai taɓon ya fi. Wannan kamar ya gaji da gaske. Naki kuwa kamar zai je ɗaurin aure."

"To ai ɗaurin auren muke nema, Alhaji."

Wani a cikin yaran ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Alhaji bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya dubi jikana ta saman tabarau.

"To yanzu me za ka yi da ita?"

"Da wa, ammi?"

"Da kakarka. Ta wanke maka aikin shekara."

Abdulmohsen ya dube ni. Idonsa ya yi ja, ba zan ɓoye ba. Sai ya durƙusa gaban kujerata, ya kama hannuna ya juya. Farcena duk ya yi baƙi da fentin, gefen babban yatsa ya ɗan tsage.

"Inno, da farce kika yi? Ba ki ce Meshari ya ba ki ko safar hannu ba?" Ya sauke numfashi. "Halas. Yashi bai ƙare a teku ba. Amma don Allah, wallahi, in kin ga wani abu nawa da datti, ki kira ni tukuna."

"In ka ɗauka. Kai da ba ka ɗaukar waya a wurin aiki."

"Zan ɗauka."

Saif ya ce, "Jajayena fa? Ba wanda ya tambayi jajayena."

"Naka ban wanke ba," na ce. "Ko an wanke ba za su yi kyau ba."

Alhaji Hashim ya mayar da sojojin biyu hannun jikana. Ya nuna fatrina da sandarsa, ya ce da Meshari cikin Larabci, kaya irin wannan da mutum ya ɓata wata da watanni a kai ba a ajiye shi kusa da 'yar tsana, kuma ba a barin sa a rana, kuma bidiyon nan a sauke shi. Saif yana gefe yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa takardar gado. Da Alhaji ya ƙara da cewa leshin dai a bar shi, ya fi katakon tsirara, sai gyaɗa kan ya tsaya.

Ya juyo wurina.

"Hajiya, na je masallaci, sun ce yana sahu. Na je Khumra, sun ce ba ya makara. Wannan ne ya rage mini. Ni kam, da ni aka yi wa abin da kika yi masa yau a gaban mutane, da har Balad an ji muryata." Ya cire tabarau ya sa a aljihu. "Ku turo maza ranar Alhamis."

Na rangaɗa guɗa a cikin shagon mutane, har matar da ta dawo canza keke ta leƙo.

Abdulmohsen ya miƙe a ruɗe ya je sumbatar kan Alhaji, yadda ake yi wa manya a nan. Ya manta da sojan da ke hannunsa. Ɗan mashin ya maƙale a saƙar hular, da ya ja da baya sai hular ta biyo shi, ga kan Alhaji Hashim a waje, sanƙo tas yana ɗaukar hasken fitila.

Ba wanda ya yi motsi. Jikana yana tsaye da hular surukinsa tana lilo a bakin mashi.

"A hankali," in ji Saif cikin raɗa. "Kar ka ja. Mashin zai karye."

"Mashin," Alhaji ya ce, yana shafa kansa. "Hajiya, kin ji? Mashin yake ji."

Ni lokacin na riga na ciro waya ina neman lambar Maimuna, don in na bari ya isa gida, shi zai riga ni ba da labarin, kuma na san ba zai faɗi na hular ba.